Likitocin da ke ƙarƙashina sun fara sarewa da aiki, ta ina zan fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ni babban rajistara ne, wato likita a matakin ƙarshe na neman ƙwarewa, a sashen yara na wani babban asibiti a nan Kano. Bana aka ɗora mini shugabancin likitoci masu neman ƙwarewa na sashenmu, wato rostar kol, jadawalin da ke nuna wanda zai kwana aiki a asibiti, tana hannuna. Mutum uku sun tafi ƙasar waje cikin shekarar nan, har yau ba a maye gurbinsu ba. Akwai wani ƙanenmu da a da shi ne na farkon zuwa, na ƙarshen tashi, amma yanzu sai makara, sai yi wa iyayen yara tsawa. Ran nan ma ya ce da ni in yaro ya rasu a hannunsa ba ya jin komai. Da na kai maganar gaba sai aka ce mu ma haka muka sha, su yi haƙuri. Gaskiya ni ma na fara jin irin abin da yake ji. Wannan ciwo ne ko raki ne? Kuma me zan iya yi, tunda ba ni da ikon ɗaukar ma'aikata ko ƙarin albashi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena Dakta, Allah ya taya ka riƙo, ya saka maka da alheri da ka damu da na ƙasa da kai har ka rubuto. In na fahimce ka da kyau, abu biyu kake son sani: halin da ƙanen naku ya shiga, wanda kai ma ka fara jin alamarsa a jikinka, ciwo ne ko ragwanta, sannan mai riƙe da rosta, wanda ko masinja ba shi da ikon ɗauka, me zai iya taɓukawa. Ni fannina lafiyar ƙwaƙwalwa ne, a garin nan na yi nawa horon, kuma cikin masu zama a kujerar da ke gaban teburina akwai likitoci 'yan uwanmu, ba kaɗan ba. Don haka ina gaya maka da ƙarfin gwiwa, ba raki ba ne. Abu ne sananne da tsarin aiki yake haifarwa, kuma kaso mai tsoka na rigakafinsa yana cikin wannan takardar da kake liƙawa a allon sanarwa duk ƙarshen wata.

Halin da ƙanen naku yake ciki

Tun 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya rubuta abin da ya gani a wani asibitin kyauta a birnin Niyok na Amurka. Masu aikin sa-kai suna farawa da zafinsu, bayan wani lokaci sai su koma wasu mutane daban: ga gajiya, ga saurin fushi, ga ƙosawa da mutanen da suka zo taimaka wa. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne waɗanda suka fi kowa ba da kansu su ne suke riga kowa durƙushewa. Ka ga siffar da ka ba ni ke nan, na farkon zuwa, na ƙarshen tashi. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 22 wanda har yau da shi ake yawan bincike. A watan Mayun 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace matsalar a sabon kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba, ta ce matsala ce da ke tasowa daga wurin aiki idan matsi ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma ba ta alamomi uku: ƙarewar kuzari, nisantar aikin a zuci har mutum ya riƙa ganin baƙinsa, da jin cewa ba ya tsinana komai.

Ta biyun nan ita ce ta fi tsorata masu ita. Mutumin da ya shiga sashen yara don yana son yara, yau ya wayi gari an rufe fuskar jariri a gabansa bai ji ko ɗar ba, sai ya ɗauka zuciyarsa ce ta ƙeƙashe, ya fara zargin imaninsa. Alhali kuwa kariya ce da zuciya take yi wa kanta idan abin ya yi mata yawa kuma ba a ba ta sararin hucewa ba. Ka san rijiyar gida a bazara: in aka yi ta jan ruwa ba a bari ya taru ba, guga zai fara fitowa da laka. Tsawar da yake yi wa iyayen yara lakar ke nan, kuma in aka ba rijiyar lokaci ruwa yana dawowa. Da ma tausayin ya mutu gaba ɗaya, ai da bai same ka ya faɗa maka ba.

Amma sai ka rarrabe abu uku, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Gajiyar yau da kullum, barcin kwana biyu yana warkar da ita. Sarewa da aiki kuwa a manne take da asibiti: za ka gan shi wurin sunan ɗan yayarsa yana raha, amma da yammacin Lahadi ya yi sai ƙirjinsa ya yi nauyi. Na ukun shi ne ciwon damuwa, wanda yake bin mutum har gida, har masallaci, har kan tabarmar mahaifiyarsa. Mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, cin abinci ya canza, yana farkawa tun kafin asuba ya kasa komawa, yana ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har tunanin mutuwa. Wannan cuta ce, tana da magani, kuma gyaran rosta kaɗai ba zai warkar da ita ba. Ba kuma baƙon abu ba ne a cikinmu. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara bincike 54 daga ƙasashe daban-daban a kan likitoci masu neman ƙwarewa sama da 17,000, ya samu kusan kashi 29 cikin 100 suna da ciwon damuwa ko alamominsa. Kada kuma a manta da jiki. Mu likitoci mun fi kowa sakaci da auna kanmu, alhali ƙarancin jini, ciwon suga, matsalar maƙoƙo, har tarin fuka da ake ɗauka a wurin aiki, duk suna iya zuwa da kamar wannan gajiyar.

Daga ina abin yake tasowa

Na farko barci ne, kuma a nan zan ɗan tsaya saboda maganar "mu ma haka muka sha". Manyanmu ba ƙarya suke yi ba, sun sha wuya ƙwarai, kuma sun cancanci girmamawa a kan haka. Sai dai shan wuyar da suka yi bai canza yadda Allah ya halicci ƙwaƙwalwa ba. A 1997 masu bincike a Ostareliya suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa suna raguwa kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, matakin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi a kansa. In ya kai awa 24, ya ninka haka. A 2004 wani bincike a Boston ya samu cewa sababbin likitocin da ke yin doguwar kol sun fi yin manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin 100 a kan lokacin da aka rage musu awanni. A 2005 kuma aka nuna haɗarin mota a hanyar komawa gida yana ninkawa fiye da sau biyu bayan irin wannan kol ɗin. Yanzu ka tuna ƙanenka da ya kwana a tsaye, ya zarce da kilinik har La'asar, sannan ya hau titin Zariya ko ya nufi Kabuga ko Hotoro cikin cunkoson Adaidaita Sahu.

Su ma can Amurka ba da son ransu suka gyara ba. Rasuwar wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, a wani asibitin Niyok a 1984, a hannun ƙananan likitoci masu doguwar kol, ita ta tayar da ƙurar da ta sa jihar ta kafa doka a 1989. A 2003 aka ƙayyade awa 80 a mako ga masu neman ƙwarewa a duk Amurka. A Turai iyakar awa 48 ce, kuma ta hau kan ƙananan likitocin Ingila gaba ɗaya a 2009. Ka zauna ka lissafa awannin mutum ɗaya a rostarka ta watan jiya, ka kwatanta.

Sannan aikin da ake rabawa yau ba shi ne na shekarun baya ba. Kano ta cika ta batse, kuma asibitocinta ba na Kanawa kaɗai ba ne, ana kawo marasa lafiya daga Jigawa, Katsina, har daga Nijar. Hannayen da za su karɓe su kuwa raguwa suke yi. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke ƙasar nan kimanin 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Mutum ukun da suka bar sashenku suna cikin wannan ayarin, kuma kol ɗinsu ba ta bi su jirgi ba, kanku ta dawo.

Akwai kuma wani nauyin da ba a auna shi da awanni, kuma a ganina shi ya fi cin likitan yara a garin nan. Ƙarfe biyun dare a ɗakin gaggawa, cikin Satumba, zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida, gado ɗaya yara biyu. An shigo da yarinya 'yar shekara uku, tafin hannunta fari fat, numfashi sama-sama. Ka san abin da take buƙata, jini ne, kuma yanzu. Uban ya juye aljihunsa, ko kuɗin gwaji bai kai ba, ya fita neman mai sayen wayarsa. Kai ka bar sauran yara ka nufi ma'ajiyar jini da ƙafarka, ka yi roƙo, wani lokaci ka zaro daga albashin da ba ya kai ka ƙarshen wata. In an dace, alhamdu lillahi. In ba a dace ba, ka rubuta lokacin rasuwa, ka wanke hannu, nas ta kira ka gado na gaba. Sanin abin da ya kamata a yi tare da rashin halin yin sa, dare bayan dare, yana barin tabo. Waɗanda suka yi aiki lokacin annobar mashaƙo ta 2023 sun san abin da nake nufi.

Ka ƙara da abubuwan da mu da kanmu muke ɗora wa juna: tsawa da wulaƙanci wurin zagayen marasa lafiya a gaban ɗalibai da iyayen yara, rostar da ake ganin an fifita wani, hutun da aka hana ba bayani. Mutum yana iya jure aiki mai yawa in ya ga adalci. A gida ma ba a tsira ba. Tunda aka ce ɗanmu likita ne, wayarsa ta zama kilinik, kowa yana turo hoton sakamakon gwaji ta WhatsApp, ga hidimar dangi, ga kuɗin jarrabawa, shi ya sa da yawa suke zarcewa asibitin kuɗi da yamma. 'Yan uwanmu mata kuwa nasu ya ninka, da ciki da goyo da girki da surutun dangin miji a kan kwanan asibiti.

Abin da rosta za ta iya yi

Nazarin da aka buga a 2017, wanda ya kwatanta hanyoyin magance wannan matsala a tsakanin likitoci, ya samu cewa gyaran tsarin aiki ya fi tasiri a kan koya wa likita dabarun kwantar da hankali shi kaɗai. Don haka kada ka fara da shirya lacca a kan juriya. Fara da ranar da ke bin kol. Wanda ya kwana, da zarar an yi miƙa aiki an zagaya marasa lafiyar da ya kwantar, ya tafi gida kafin Azahar, ba kilinik, ba ɗibar ruwan baya, ba lissafin maganin jarirai. In abu ɗaya tak za ka iya cimmawa a wa'adinka, to wannan ne. Sai kuma kada mutum ya yi kol biyu a jere, kuma kowa ya sami yini guda cur a mako wanda ba zai taka asibiti ba.

Ga wani tarko da nake so ka sani tun yanzu. A 2020 an buga wani gwaji da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman na yara a asibitoci shida a Amurka, inda aka gajarta kol, amma kurakurai suka ƙaru maimakon su ragu, musamman inda yawan yaran da ke kan kowane likita ya hau. Wato in ka rage awanni ka bar aikin yadda yake, matse shi kawai ka yi. Saboda haka ka zauna da ƙananan likitocinka ku rubuta duk abin da likita yake yi a dare guda wanda ba sai likita ba: bin sakamako a ɗakin gwaji, neman fayil, jan tukunyar iskar oksijin, rubuta bayani ɗaya a littafi uku. Ka ɗauki jerin ka je wurin shugabar nas-nas da ladabi ku ga wanne za a ba masinja, wanne za a soke. Ka kuma tsayar da lokacin miƙa aiki da tsarinsa: wane yaro ne ya fi tsanani, me ake jira, me za a yi in kaza ya faru, mai karɓa ya maimaita abin da ya ji. Wani bincike na 2014 a wuraren horon likitocin yara tara a Amurka da Kanada ya nuna irin wannan tsarin ya rage kurakurai da kashi 23 cikin 100. Amfaninsa na biyu shi ne wanda ya miƙa aiki da kyau yana iya yin barci, ba ya kwana yana tunanin abin da ya manta bai faɗa ba.

Adalci kuma sai an gan shi da ido. Fitar da rosta da wuri, ko da mako biyu ne kafin wata ya kama, don mutum ya san ranar da zai je ɗaurin auren abokinsa. Ka riƙa lissafin ƙarshen mako da ranakun hutu a fili, kowa ya ga nasa da na wani. Ka bar su su yi musaya a tsakaninsu, kai dai a sanar da kai. Ranar da kowa yake gudu, ka fara sa sunanka. Da ma akwai al'ada mai kyau a asibitocinmu, abokan aikinmu Kirista su riƙe mana Sallah mu riƙe musu Kirsimeti da Ista, to ka rubuta ta kada ta zama alfarma. A azumi ka duba wanda zai sha ruwa a tsaye kwana da kwanaki, a juya. Hutun shekara a tsara shi tun Janairu, ana la'akari da cewa daga Agusta zuwa Oktoba gadaje suke cika, da kuma cewa kwalejin horon ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas da ta Afirka ta Yamma sau biyu suke jarrabawa a shekara. Mai shiga jarrabawa a sassauta masa a makonnin ƙarshe, ya rama wa 'yan uwansa bayan ya dawo. Ka kuma sa mutum ɗaya na ko-ta-kwana kowane mako, domin wanda zazzaɓi ya kayar ya iya kwanciya ba tare da jin ya ci amanar kowa ba.

Ɗakin kol ma ka shiga ka duba shi kamar kai za ka kwana: makulli, gidan sauro, fanka mai aiki, ruwa a banɗaki, na mata daban. Barcin minti 20 zuwa 30 a tsakiyar dare in an sami sarari yana taimakawa sosai, kada a mai da shi abin kunya. Wanda ya fito kol idonsa na rufewa, ya kwanta tukuna ko ya bar motar ya hau Adaidaita.

Bayan rasuwa mai nauyi, ko minti goma ne ku tsaya tare da nas-nas ɗin da aka yi fama da su: me ya faru, me muka yi daidai, kowa lafiya? A yi wa yaron addu'a, sannan a koma aiki. Taron bitar mace-mace kuma kada ya zama kotu. In ƙaramin likita ya san za a tsire shi a gaban kowa, ɓoye kuskure zai koya. Tun shekarun 1950 Michael Balint ya fara tara likitoci a Landan suna tattauna marasa lafiyar da suka tsaya musu a rai, ba don neman ganewar cuta ba, don sauke abin da ke zuci. Ku ma kuna iya yin haka sau ɗaya a wata, awa guda, da shayi, da sharaɗin abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Ka nemi wani daga sashenmu ya jagorance ku a farko, ba za mu ƙi ba.

Yadda za ka koma wurin manya

Kada ka koma da koke, ka koma da lissafi. Wata guda ka rubuta awannin kowa, yawan yaran da aka kwantar a kowace kol, kwanakin rashin lafiya, da kurakuran da Allah ya kiyaye aka tare kafin su kai ga yaro. Ka gabatar da shi a matsayin maganar lafiyar marasa lafiya da cin jarrabawa, domin waɗannan biyun babu shugaban sashen da zai kau da kai daga gare su. Ka nemi konsaltan ɗaya, wato babban likita ƙwararre, mai sauƙin kai ka fara shawo kansa a keɓe, ya zama shi zai buɗe maganar a taro. Ka nemi a gwada na wata uku kawai, an fi saurin yarda da gwaji a kan sauyi na dindindin. Abin da ya fi ƙarfin sashe, kamar cike gurbi da alawus, wannan aikin reshenku ne na ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa, NARD, kuma lissafin nan naka zai ƙarfafa musu gwiwa. Dokar horon likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 ta zo da asusun tallafa wa kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai. Ka tabbata sunan kowane likitanka da ya cancanta ya shiga a kan lokaci, wannan ma rage nauyi ne.

Zama da shi

Shi kuwa ƙanen naku kada ka jira gyaran rosta, ka neme shi cikin makon nan. Ba a ɗakin marasa lafiya ba, ba a gaban nas-nas ba, ba kuma da takardar tuhuma ba. Ku fita cin abinci, ko ka rage masa hanya. Ka faɗi abin da ka gani ba tare da hukunci ba: wane, na san irin aikinka, na ga kwanan nan ba kai ba ne, me ke faruwa? Sai ka yi shiru ka saurara, kada ka yi saurin kawo nasiha. Ka tambayi barcinsa, cin abincinsa, gida, bashi. Ka tambaye shi ko yana shan wani abu don ya yi barci ko don ya iya tsayuwa, domin diazepam, tramadol da allurar pentazocine suna kusa da hannunmu, kuma na ga inda aka fara da ƙwaya ɗaya bayan kol. Sannan ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu, ko tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, bincike ya tabbatar da haka, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, ka cire shi daga kol, ka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a ranar, a kuma sanar da wani nasa da ya amince da shi.

Abin da ke hana su zuwa wurinmu kunya ce da tsoron a ji. Wani matashin likita ya taɓa zuwa ofishina bayan Magariba, lokacin da ya tabbata barandar ta watse. Ya zauna a bakin kujera, makullin mota a hannu, ya ce wani ɗan uwansa ne ba ya barci, me zan rubuta masa. Na ce ɗan uwan nan kol nawa yake yi a wata? Sai ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo. Ya sha magani, ya yi zaman tattaunawa, an sassauta masa aiki na ɗan lokaci, kuma ya gama horonsa. Ka gaya wa naka cewa sirrinsa a tsare yake, in kuma ba ya son ganin wanda suke haɗuwa a masallacin asibiti, Kano tana da likitocin ƙwaƙwalwa a asibiti fiye da ɗaya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa mutum bambanci saboda irin wannan lalura. Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka rubuta masa magani da kanka a baranda, kada shi ma ya rubuta wa kansa.

Kai kuma fa

Ka ce kai ma ka fara ji, kuma ban ɗauki wannan da wasa ba. Duk abin da na ce a yi wa ƙanenka, kai ma ya hau kanka. Shugaban da yake toshe kowane gurbi da jikinsa, wata uku zai yi ya kwanta. Ka ɗauki hutunka na shekara a ga ka ɗauka, don na ƙasa su san halal ne. Ka sa wa wayarka lokaci, dangi su san daga ƙarfe kaza sai gaggawa. Ka riƙe abu ɗaya a aikin da har yanzu yake faranta maka, koyar da ɗalibai ne ko kilinik ɗin masu sikila, ka kare masa lokaci a mako. Ka kuma riƙe majalisa ɗaya da ba a maganar asibiti.

Haƙuri da addu'a kuwa ba ni da ja a kansu, su ne suke riƙe da yawancinmu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da haƙuri abin rufe bakin wanda ya ce ya gaji. Lokacin da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yake azumi kullum yana raya dare duka, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana shi, ya ce masa jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi a kanka, matarka tana da haƙƙi a kanka. A kan ibada ke nan, balle kol. Rantsuwar likitoci ta duniya ma, da aka sabunta a 2017, an ƙara mata alƙawarin cewa likita zai kula da lafiyar kansa domin ya iya kula da wasu yadda ya kamata.

Sai dai in faɗa maka iyakar wannan amsa. Daga wasiƙa ba a gane cuta, ƙanen naku sai an zauna da shi. Yawancin alƙaluman da na kawo daga ƙasashen da suka fi mu ma'aikata da kayan aiki suke, don haka ka ɗauki darasinsu, kada ka ɗaura wa kanka awa 48 da mutanen da ba su kai ba. Kuma rosta, komai kyanta, ba za ta haifo likitoci uku ba. Akwai matakin da in hannaye suka yi ƙaranci, gaskiyar da za a faɗa wa hukumar asibiti ita ce a rage gadaje ko ranakun kilinik har a cike gurbi, kuma wannan magana ce ta shugaban sashe, kai naka ka kai masa hujja a rubuce. Duk ƙa'idar da kuka samu aka amince da ita, hutun bayan kol ne ko rabon ranakun Sallah, ka sa a shigar da ita cikin rahoton taron sashe da sa hannun shugaba, ka ba wanda zai gaje ka kwafi tun kafin wa'adinka ya ƙare.